Wa ke cikin rumfa, wa ke rawa a rana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina mun gama bautar ƙasa mun dawo gida Birnin Kebbi, muna so mu kafa ƙungiyar raya fasaha da al'adu mai zaman kanta, ba don neman riba ba, wadda za ta yi aiki a masarautun jiharmu huɗu. Da na gaya wa kawuna sai ya ce kiɗa da rawa ba sa maganin yunwa, ba sa korar ɓarayin daji. Shin irin wannan ƙungiya tana ƙara wa jama'a wani abu da gaske? Kuma yaya za mu yi kada wata ƙabila ta ga an fifita wata a kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaishe min da Kawu, ka ce masa rabin maganarsa na karɓa hannu bibbiyu. Ganga ba ta korar ɗan bindiga, kuma duk wanda ya rubuta a takardar neman tallafi cewa wasan kwaikwayo zai kawo ƙarshen satar mutane, kuɗin kawai yake nema. Ɗaya rabin kuwa, na batun yunwa, sai a tambayi 'ya'yan makaɗi da na masaƙi da na maginiyar tukwane daga ina tuwon gidansu yake fitowa. Na daɗe a wannan harka, tun ina jera kujeru har aka damƙa min littafin kuɗi, don haka abin da zan gaya maka, wani karanta shi na yi, wani kuma sai da na sha kunya na koye shi.

Ba sai ka je nesa neman hujjar da za ka kai wa Kawu ba. Bikin kamun kifi na Argungu da muke taƙama da shi, asalinsa sulhu ne. Kusan shekara ɗari Kabawa da daular Sakkwato ba sa ga maciji, yaƙi ya lafa ya sake tashi, har Turawa suka zo suka tarar da gabar ba ta mutu ba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka zuwa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, Kabawa kuma suka karrama baƙonsu da abin da suka fi kowa iyawa, suka faɗa ruwa da homa da gora. Kamun kifin kansa, da al'adu irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, sun girmi wannan shekara nesa ba kusa ba. Abin da ya faru a ranar shi ne an ɗauki sana'ar masunta aka yi maganar da bakin sarakuna zai yi nauyin faɗa. A 2016 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

To amma ka tuna, bikin nan da duk sunansa sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020 aka dawo Matan Fada, kogin da ake yin bikin a cikinsa. Abin da gwamnati kaɗai ke iya ɗaukar nauyinsa, ranar da ta sauke shi, ya zauna ke nan. A shekarun da ba a yi ba, ba wata ma'aikata ce ta riƙe ilimin ba. Shugabannin masunta, Sarkin Ruwa da Homa, da iyayen yara ne suka ci gaba da koya wa 'ya'yansu nutso da tuƙin kwalekwale da ɗinkin koma. Nan ne gurbin ƙungiya irin taku. Fada tana da makaɗanta, tana ciyar da su, tana ba su riga da doki. Gwamnati tana da manyan bukukuwanta, na Argungu da Uhola a Zuru da Rigata a Yauri da Hottungo na Fulani a ƙasar Gwandu, kwana biyu ko uku a shekara in an samu kuɗi. Ɗan siyasa yana da mawaƙansa, kakar zaɓe ce damunarsu. Sai ka tambayi kanka, wane ne ba shi da ubangida? Tsohuwar da ta san waƙoƙin daka da na niƙa da ba wanda ya rubuta. Mai gurmi da ke yawo kasuwa-kasuwa. Bafulatanin da ke busa sarewa a bayan shanu. Mai saƙar tabarma, da mai sassaƙa jirgin ruwa, da malamin da ke da tarin waƙoƙin ajami cikin gafaka gara na ci. Waɗannan su ne mutanenku, kuma aikinku yana cikin sauran watannin da ba biki.

Tambayarka ta biyu ita ce mai wuya, kuma a kanta zan fi daɗewa. Kirarin da ke kan lambar motocin jihar nan, in aka fassara shi, ƙasar adalci yake nufi. Tun da aka cire Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1991 muke ɗauke da shi. Jihar kuwa tana da ƙananan hukumomi 21, kuma ba Hausawa da Fulani kaɗai ne a ciki ba. Akwai Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa a ƙasar Zuru, Kambari da Gungawa da Shangawa a ƙasar Yauri, Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa a wajen Kamba da Illo, ga Arawa a Kangiwa. Mu da muka tashi da Hausa a baki ba mu cika lura da wani abu ba: harshenmu ne ke cin kasuwa da makaranta da rediyo da masallaci, har da coci a wurare da yawa. Wanda yake cikin inuwa ba ya jin zafin rana, ba don mugunta ba. Bari in ba ka labarin yadda ni na gane haka.

Shekarun baya aka ɗora min tsara jadawalin wani taro na yini ɗaya a wani babban gari. Muka gayyaci 'yan rawa daga wani ƙauye na ƙasar Zuru. Tun da sauran dare suka taso a bayan a-kori-kura, su da gangunansu, suka iso da hantsi. Ni da hannuna na rubuta su a lamba ta ƙarshe kafin jawabin godiya, ban kawo komai a raina ba. Babban baƙo bai iso ba sai bayan azahar. Aka shiga jawabai, kowane mai jawabi sai ya jero sunayen manya daga farko. Makaɗin da muka ɗauko daga birni yana cikin rumfa tun zuwansa, kan kujera, da ruwan gora mai sanyi a gabansa. Ya tashi ya wasa manyan baƙi, aka yi masa liƙi har yaransa na kwasa da hula. Su kuwa mutanen nan suna tsugune a gindin wata dogon yaro da inuwarta ba ta ishi rabinsu ba, kwalliyar da suka yi tun safe gumi ya wanke ta. Kafin a zo kansu la'asar ta yi, babban baƙo ya duba agogo ya miƙe, rumfa ta ɗebe ta bi shi. Mai sanarwa ya ce ga masu rawar gargajiya nan daga Zuru, bai faɗi sunan garinsu ba, bai faɗi sunan rawar ba, don ba wanda ya tambaya balle ya gaya masa. Suka yi wa kujeru da yaran unguwa rawa, kuma wallahi ba su rage komai ba. Da aka tashi na miƙa wa dattijonsu ambulan. Ya ƙirga sau biyu, kuɗin da kyar zai biya mai motar, ya ninke ya sa cikin hula, ya dube ni ya ce, "Allah shi saka, Malam. Amma in za a sake, ku riƙa gaya muna, mu taho da inuwarmu."

Ba wanda ya ƙi mutanen nan a cikin kwamitinmu. Abin da ya faru kawai, mu tara ne muka zauna muka tsara taron, kuma cikinmu babu ko mutum ɗaya da ƙanensa ko kawunsa yake gindin bishiyar nan. Haka rashin adalci yake shiga harkar al'adu, ta ƙofar jadawali da ta kasafi, ba tare da an zagi kowa ba. In ka kalli hoton taron za ka ce an yi adalci, ga kowace ƙabila ta fito da kayanta. Shi ya sa nake ce maka kada ku auna kanku da yawan ƙabilun da suka hau dandali. Ku auna da su wa suka zauna lokacin da ake yanke shawara. In amintattun ƙungiyarku, wato waɗanda za a yi rajistarta da sunayensu, duka 'yan Birnin Kebbi ne da suka yi makaranta tare, ku dakata da rajista tukuna. Ku nemo mutum daga Zuru da Yauri da Argungu da Kamba, da mace ba ɗaya ba, da Kirista, da mai sana'ar kansa wanda ba ya jin Turanci, kuma ku riƙa yin zaman da harshen da zai iya musu da ku. Kujerar ado ba ta da amfani. Wanda aka kawo, dole ne ya kasance yana iya cewa a'a, a fasa. Ku riƙa juya wurin zama, wannan karon a Birnin Kebbi, na gaba a Zuru, don kuɗin mota da wahalar hanya su riƙa zagayawa. Jerin fitowa dandali kuma ku jefa ƙuri'a a gaban kowa, ku sa wa jawabai iyaka, rumfar farko da za a kafa ta zama ta masu wasa.

Sai kuɗi, inda ake gane gaskiyar kowace ƙungiya. A ce kun samu naira miliyan ɗaya. Ɗauki takarda ka raba ta biyu. A gefe ɗaya rubuta rumfa da lasifika da janareta da abincin manyan baƙi da rigunan 'yan kwamiti da mai ɗaukar hoto. A ɗaya gefen rubuta abin da ya shiga aljihun wanda ya kaɗa, ko ya rera, ko ya saƙa. In gefe na biyu bai kai rabi ba, a ganina kun zama ƙungiyar hayar rumfa. Ku yi ciniki da mai wasa tun kafin ranar, ku raba kuɗin mota daban da ladan aiki daban, ku ba shi wani abu kafin ya bar gida, domin manomin da ya bar gonarsa yini guda ya yi asarar yinin. Kada ku ce masa ai za a yi liƙi. Liƙi na bin mai suna ne da wanda ya iya wasa manya, ɗan ƙauyen da ya rera da harshen da attajiri ba ya ji ba zai ga ko kwabo ba. In ƙungiya ce ta mutum ashirin, a faɗi adadin kuɗin da ƙarfi a gabansu duka kafin a miƙa wa shugaba. Na ga inda rashin wannan ya raba 'yan rawar da suka shekara da shekaru tare.

Batun suna ma ba ƙarami ba ne. Mu muke cewa Dakarkari, su suna kiran kansu Lelna, harshensu C'lela. Mu muke cewa Gungawa, wato mutanen gungu ko tsibiri, su kuwa Reshe ne. Wasu ba su damu da sunan Hausar ba, wasu sun damu, hanyar sani ita ce a tambaya. Gungawan nan, da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da garuruwan bakin Kwara, aka tashi jama'a da yawa aka sake musu matsuguni. Mutanen da aka raba da wurin da waƙoƙinsu ke ambata, jikokinsu kuma suka tashi cikin Hausa, ba rawar minti biyar a filin wasa ce za ta riƙe musu harshe ba. Abin da zai taimaka ƙarami ne kuma ba ya jan kyamara: tsoho ya zauna da yara yana ba da tatsuniya da harshensa ana ɗauka, malamin makaranta ɗan garin ya rubuta, a buga ɗan littafi mai shafi ashirin, a nemi kwatan awa ɗaya a gidan rediyo. Kuma in za a gabatar da masu wasa, a bar ɗansu ya riƙe lasifika ya fara da harshensu, sannan a fassara mana. Ba abin da zai same mu in mun yi minti biyu ba mu gane abin da ake faɗa ba. Su kullum haka suke yi.

Kada kuma ka ɗauka ƙabila ce kaɗai ke raba mutane. A cikinmu Hausawa akwai gidajen da har yau ake jinkirin ba su aure saboda sana'ar kakanninsu, ana cewa ɗan maroƙi, ɗan makaɗi. Muna son kiɗan, muna raina mai kaɗawa. Na san yaran da suka ƙi gadon kalangu ba don ba sa so ba, sai don abin da ake kiransu da shi a makaranta. Ranar da ƙungiya ta ɗauki uban irin wannan yaro a matsayin malami, tana biyansa duk wata, ana ce masa Malam a gaban ɗansa, ta yi aikin da jawabi ɗari ba zai yi ba. Mata kuma fasaharsu mafi yawa a cikin gida take, kiɗan ƙwarya da shantu da waƙoƙin biki da kitso da ƙunshi da saƙar faifai da ɗinkin hula. Kuskuren 'yan boko shi ne su ce sai an fito da su dandali kafin a ce an ba su dama. Da yawa ba za su fito ba, mazansu ba za su bari ba, wasu su da kansu ba sa so. Ku koya wa 'yan mata biyu ko uku riƙe rikoda, su shiga gida su yi aikin can, kuɗin kuma a damƙa wa mai aikin a hannunta, ba ta hannun wani ba.

Za ku haɗu da malamai, gara ku je musu tun kafin su ji labarinku a bakin wani. Damuwarsu ba ta banza ba ce. Kowa ya ga abin da ake yi da sunan gala da daddare, kuma tun malaman jihadi suke suka ga kiɗan shagala da cakuɗuwar maza da mata. Ku gaya wa liman abin da za ku yi da wanda ba za ku yi ba, ku tsayar da kiɗa lokacin salla, ku tashi kafin magariba. Ku tuna masa kuma, cikin ladabi, cewa Gwandu garin waƙa ne, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa gwanin waƙa ne, kuma rubutun ajami da zayyanar allo da rera waƙoƙin wa'azi duk suna cikin abin da kuke son rayawa. Haka za ku je wa fasto a ƙasar Zuru da Yauri. Inda abin yake da sarƙaƙiya shi ne al'adun da tushensu addinin gargajiya ne. Uhola bikin godiya ne bayan kaka, kuma a asalinsa yana da ɓangaren da ba na 'yan kallo ba. Yau cikin Lelna akwai Musulmi da Kirista da masu bin na kakanni, kuma su ma ba bakinsu ɗaya ba a kan abin da za a riƙe da wanda za a bari. Wannan muhawararsu ce, ba taku ba. Ba ku da hurumin wanke musu al'ada don ta yi wa baƙi daɗi, ba ku da hurumin tura kyamara inda suka ce ba a shiga. Su mutane ne da aka taɓa yi wa ɓarna: tukwanen ado da matansu ke ginawa ana ɗorawa kan kaburburan manya, an kwashi da yawa an sayar, yau ana ganinsu a hannun masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka. In sun yi muku kallon tuhuma ranar farko, da dalilinsu.

Ka tambaya me ƙungiya ke ƙara wa jama'a. Amsar da aka saba bayarwa ita ce kasuwa, kuma gaskiya ce, ranar taro mai fura da mai soya kifi da ɗan kabukabu da tela duk suna samu. Amma ni abin da na fi gani da idona a ranakun koyo yake faruwa. Mun taɓa aron aji ɗaya a wata firamare duk ranar Asabar, a garin da mutanen ƙauyuka suka kwararo cikinsa suna gudun 'yan bindiga, kamar yadda ya faru da jama'ar Danko-Wasagu da Sakaba. Wani tsoho ne ke koya wa yara haɗa ganga. Zai jiƙa fatar akuya tun daren Juma'a, ya zo da ita cikin bokiti, ya shimfiɗa a bakin icen, ya sa yaro ɗaya ya danne da gwiwa, wani ya ja tsirkiya, shi kuma yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa yana karkata kunne, ya ce a ƙara, a ƙara, tsaya nan. Fata ba ta jawuwa da hannu ɗaya. Yaran gari da farko ba sa zama benci ɗaya da 'yan gudun hijira, suna ce musu 'yan ƙauye. Tsohon bai yi wa kowa wa'azi ba, ya dai riƙa haɗa su bibbiyu a kan ganga ɗaya, kuma ya zamana 'yan ƙauyen sun fi iya jan fata. Bayan 'yan makonni iyaye mata suka fara zuwa ɗaukar yara suna tsayawa gaisawa a bakin taga. Wata matar gari ta ji cewa wata baƙuwa ta iya ginin tukunya, ta nuna mata inda ake ɗibar yumɓu. Ba mu rubuta wannan cikin shirinmu ba, ba mu kuma san yadda za mu sa shi a rahoto ba. Zumunta a ƙafa take, aikin ƙungiya shi ne ta samar da dalilin da ƙafar za ta taka kowane mako.

Akwai kuma wani jari da muke da shi wanda ba a saya da kuɗi, wato taubasantaka. Ba'are da Bafulatani, ko Bazabarme da Bagobiri, za su gaya wa juna maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga alƙali, a yi dariya a wuce. Maƙwabtanmu na Nijar sun kai wannan wasa gaban UNESCO an karɓa a 2014. In za ku yi wasan kwaikwayo a kan burtali da ɓarnar gona, ranar kasuwa, ku sa taubasai su riƙe manyan rawar, ku tsaya a tsakiyar rigimar ku tambayi 'yan kallo yadda za a raba. Za a yi hayaniya, wani ma ya tashi cikin fushi. Ba sulhu kuka yi ba, kada ku faɗa wa kowa kun yi. Kun dai sa manomi da makiyayi sun tsaya wuri ɗaya sun ji ta bakin juna ba sanda a hannu, kuma a wasu garuruwanmu an daɗe ba a ga haka ba.

Duk abin da kuka ɗauka a rikoda ko bidiyo, ku sani yana da mai shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai wasa haƙƙi a kan wasansa, ta kuma kare fasahar gargajiya ta al'umma daga wanda zai kwasa ya yi kasuwanci da ita ba izini. Amma tun kafin doka akwai kunya. Ku gaya wa mutum da harshensa inda abin zai je, ku ɗauki amincewarsa da muryarsa in ba ya rubutu, ku koma ku ba shi nasa a memori ya sa a wayarsa. In kun ɗora a YouTube ko TikTok ya kawo kuɗi, da kasonsa a ciki. Ku ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ku rubuta suna da gari da rana a kan kowane. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda fadar sarki ne har 1942 kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958, da jami'o'inmu na Birnin Kebbi da Aliero, da kwalejin ilimi ta Argungu, duk wurare ne da ya kamata ku ƙulla hulɗa da su, don ƙungiya tana iya mutuwa kayan su rayu.

Takardu ba su da wuyar fahimta. Za ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da tsarin mulkinku a rubuce. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Banki zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin asusun ya yi aiki yadda ya kamata. Ku sa hannun mutum biyu a kan fitar da kuɗi, kada su zama 'yan gida ɗaya, ku riƙa kai rahoton shekara. Kuɗin farko kuwa daga aljihunku zai fito, karo-karo, sai 'yan asalin garuruwan da ke Abuja da Legas da Kaduna, waɗanda sukan buɗe hannu in sun ga bidiyon tsohon unguwarsu. Masu injinan shinkafa da 'yan kasuwar albasa ma ana gwada su. Tallafin waje yana nan, UNESCO ma tana da asusun tallafa wa bambancin al'adu, amma suna son ganin aikin da aka riga aka yi da lissafi mai tsabta, kuma kuɗinsu na zuwa da wa'adi. Wanda zan ja maka kunne a kansa shi ne ɗan siyasa. Zai ba ku a rana ɗaya abin da ba za ku tara a shekara ba, sannan hotonsa ya hau ƙyallen taronku, mawaƙinsa ya shiga jadawali, rabin gari kuma su daina zuwa. Kowa ya ci ladan kuturu, ka san sauran. In za ku karɓa, ku karɓa daga kowane ɓangare a bayyane, ku karanta adadin a gaban jama'a.

Kun ce masarautu huɗu. Niyyar ta yi, amma shekarar farko ku ɗauki gari biyu kacal, ɗaya kusa da ku, ɗaya a inda ba ku da dangi kuma ba Hausa ce harshen gida ba. Ku fara da gaisuwa wurin hakimi ko mai gari, sannan ku nemi tsofaffin da suka iya abin, ku je da goro, ku zauna ƙasa, ku tambaye su me ke ɓacewa da me suke so a yi. Sau da yawa abin da za su ce ba shi ne kuka zo da shi a takarda ba, wani fatar ganga kawai yake nema, wata kuma rumfa a kasuwa. Kada ku sa aiki da damina, kowa na gona, kada ku sa cikin azumi, ku duba kuma kada ya faɗa safiyar Lahadi a garin da ake zuwa coci. In tafiyar ta kudancin jihar ce ko ta bakin iyaka, ku kira 'yan gari da safiyar ranar ku ji halin hanya, ku dawo da sauran rana, kuma kada ku sa sanarwar tafiyar a Facebook sai kun iso gida.